Gurbin da Ramzi Ya Bari

A situdiyon da ke hawa na uku na wani tsohon bene a unguwar Dokki, ba a haɗa mutum biyu a gaban makirufo. Haka aikin ɗora wa fim murya yake. Faɗa ne, raha ce, ban-kwana ne, kowa shi kaɗai yake shiga ɗakin ɗauka ya faɗi nasa, idonsa a kan leɓen wanda ke cikin allo. Wanda ya riga zuwa yakan bar gurbi duk inda abokin maganarsa zai amsa, wanda ya zo daga baya ya ɗora abin ji a kunne, ya saurara, ya cike. Masu kallo a gida sai su ɗauka gwiwa da gwiwa aka zauna aka yi hirar, nan kuwa wataƙila ranar ko a matakala ba a haɗu ba.

Ramzi ɗan sammako ne, Wagdi kuwa ba ya zama mutum sai rana ta take. Saboda haka shekara ashirin da ɗoriya Ramzi ne ke barin gurbi, Wagdi na cikewa. Shirin da ya haɗa su katun ne na ƙasar waje, Ayarin Gishiri, labarin wani tsohon jirgi mai yawo tsakanin taurari yana kai gishiri duniyoyin da ba su da teku. Ana yi ana hutawa, har yaran da suka fara kallonsa suka haifi nasu. Ramzi shi ne muryar Kyaftin Barsu, mai tsawa da dariyar da ke girgiza lasifika. Wagdi shi ne Tolen, makaniken jirgin, ɗan mita, wanda ko gidan zinariya aka kai shi sai ya ce famfo na yoyo.

Gara mu faɗi abin da shi Wagdi bai taɓa faɗa ba, tunda in shi za a jira sai a tsufa. Son Ramzi yake yi. Ba irin na aboki ba, ba irin na ɗan'uwa ba, irin wanda ya hana shi aure har mahaifiyarsa ta bar duniya tana nuna masa 'yan matan maƙwabta. Kuma ya san Ramzi ya sani. Kullum da yamma suna haɗuwa a gidan shayin da ke bayan benen, su buga tawla, wani wasa mai kama da dara, Ramzi ya yi maguɗi, Wagdi ya yi mita. Wata rana sai Ramzi ya ajiye 'ya'yan wasan ya kafe shi da ido, ya ce, "Wagdi." Shi kuma nan take zai tuna shayinsa ya huce, ya ɗaga hannu ya kira a sake masa. Matsoraci ne, ya kuma san da haka. Yana da hujja: a garin nan ya ga 'yan sanda sun kwashe maza a mota kan abin da bai kai wannan ba, washegari ya ga fuskokinsu a jarida. Amma hujjar ba ta taɓa sanyaya masa rai ba.

A hunturun bara muryar Ramzi ta fara dishewa. Aka sha zuma, aka sha citta, ba ta koma ba. Da aka je asibiti likita ya ce ciwon daji ne a maƙogwaro, sai an cire inda murya ke fitowa gaba ɗaya. A daidai lokacin zangon ƙarshe na shirin ya iso. Ramzi ya roƙi likita ya ɗaga masa ƙafa, ya zo ya ɗauki duk nasa tun daga kashin farko har na ƙarshe, yana kurɓar ruwan ɗumi a tsakani. Fassarar ɗanya ce a lokacin, tashar da ta sayi shirin ma ba ta duba ba tukuna. Yana gamawa aka yi masa aiki. Ya koma gidan yayarsa Madam Insaf a unguwar Shubra, da ɗan farin ƙyalle a wuya yana rufe ramin da yake numfashi ta ciki.

Daga nan rayuwar Wagdi ta rabu biyu. Da rana yana situdiyo, Ramzi na yi masa tsawa a kunne da muryar da yanzu babu ita a duniya sai a cikin na'ura. Da la'asar ya hau metro, jirgin ƙasan cikin gari, ya tafi Shubra, ya tarar da mai muryar a kujera gaban taga, ya rame, yana motsa baki ba sauti. Wanda ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana kallon leɓe ba ya buƙatar sauti, don haka a gidan nan Wagdi kaɗai ke gane shi.

"Ustaz Wagdi, Allah ya kawo ka," in ji Madam Insaf tun daga bakin ƙofa. "Tun safe yake ta yi min baki kamar kifi. Na ba shi biro ya jefe ni da shi. Don Allah tambaye shi me na yi masa."

Wagdi ya dubi Ramzi, ya ce, "Wai tafarnuwa ta yi yawa a miyar mulukiyar jiya."

"Tafarnuwa! Mutumin da ko ƙanshi ba ya ji? To faɗa masa gobe ya shiga kicin ɗin da kansa, tunda ya zama kuku."

"Madam, kunnensa fa lafiya lau yake."

Ramzi ya yi dariyarsa ta yanzu, wadda kafaɗu kaɗai ke yi. Da ta shige ciki sai ya juyo ya tambaya da leɓe: kashi na nawa kake? Kullum tambayar ke nan. Wagdi ya faɗa masa, ya gyaɗa kai, ya ƙirga saura da yatsu. Wagdi bai gane abin da yake ɗoki ba, ya ɗauka kewar aiki ce.

Ranar da zai ɗauki kashin ƙarshe, daraktan shirin, Ustaz Hazem, ya tare shi tun a baranda ya ja shi ofis. Mutum ne mai yawan dariya, irin wanda in zai ba ka labarin mutuwa sai ya fara da barkwanci.

"Zauna, Ustaz Wagdi, zauna. Yau Turawa sun jiƙa mana aiki. Ka san kyaftin ɗinka da makanikenka? Ashe duk shekarun nan da muke zaton gishiri suke dako, soyayya suke sha a bayan injin! Wallahi kai da Ustaz Ramzi kun kusa shiga lalle ba ku sani ba."

Ya ƙyalƙyale har da buga tebur. Bakin Wagdi ya yi abin da ya saba, ya taya shi dariya.

Hazem ya yi masa bayani. A ƙarshen shirin jirgin ya kama da wuta. Barsu ya kulle kansa a ɓangaren da ke ci don ya ɓalle shi daga sauran, sannan ya yi wa Tolen magana ta rediyo, ya faɗa masa yana sonsa. Tashar ta gani, ta ce ko da wasa. Dama ba yau aka fara ba: a hannunsu giya ta sha zama ruwan inabi, budurwa ta sha zama 'yar ƙanwa, an sha yanke sumba a bar mutane biyu suna kallon juna kamar an tambaye su kuɗin haya. Wannan ma gyara shi za a yi.

"Hanya uku ce," in ji Hazem. "Ko mu yanke wajen gaba ɗaya, a ga wuta kawai, kyaftin ya ɓace ba sallama. Ko in kawo wani ɗan barkwanci da na sani a unguwar Imbaba, yana kwaikwayon muryar Ustaz Ramzi a wajen biki, ya faɗi sabuwar magana. Ko kuwa mu tono tsofaffin ɗauka, mu tsinto kalmomi daga bakin shi kansa mu ɗinka, ya zama ban-kwanan wa da ƙani. Kai ne abokinsa, zaɓi. Ni dai tashar gobe take so."

"Shi ya riga ya ɗauka?"

"Ya ɗauka mana, bawan Allah, yana fama da ransa, ina ya ga ta duba abin da yake karantawa?"

Wagdi ya ce yana so ya ji tukuna. Hazem ya ɗaga kafaɗa, suka tafi tare.

Nermin ce mai na'ura, mace mai tsit, wadda ta daɗe tana ɗaukar su biyun. Da Wagdi ya zo wucewa ta kusa da ita zai shiga ɗakin ɗauka, ta yi ƙasa da murya ta kira shi Ammu, wato baffa, ta ce, "Ammu Wagdi, sau ɗaya ya yi shi, ya ƙi maimaitawa. Kuma ya ce in tabbata kai da kanka ka ji."

Ya shiga, ya ja ƙofar mai nauyi, ya ɗora abin ji. Allo ya kawo haske. Ga Tolen yana dukan ƙofar ƙarfe da sifana, ga Barsu a ɗaya gefen, hayaƙi na tashi a bayansa. Wagdi na jiran tsawar da ya saba. Ba ta zo ba. Abin da ya shigo kunnensa ba muryar kyaftin ba ce ko kaɗan. Muryar Ramzi ce ta gidan shayi, ƙasa-ƙasa, a dishe, wadda yake kiran sunansa da ita in ya ajiye 'ya'yan tawla.

"Daina dukan ƙofar nan, ba za ta buɗu ba. Tsaya ka ji. Tun ranar da ka shigo jirgin nan hannunka duk baƙin mai kana zagina, na san na shiga uku. Ba gishiri ya riƙe ni a nan ba. Ban taɓa ɗaukar ka aboki ba, kuma ka sani. Sonka nake yi. Na daɗe ina jira ka fara faɗa, na gaji. To ga shi na faɗa. Saura kai."

Sai shiru. Gurbin ke nan. A allo leɓen Tolen na motsi, a kan takardar da ke gaban Wagdi an rubuta amsar: na sani, ni ma haka, tun kafin kai. Ya duba abin da Ramzi ya faɗa, ko kalma ɗaya bai ƙara a kan rubutun mai fassara ba. Wanda duk ya ji zai ce ɗan wasa ne ya yi aikinsa. Wagdi kaɗai ya san ba haka ba ne, ya kuma gane abin da ake ƙirgawa da yatsu a Shubra.

Jar fitilar makirufo a kunne take, Nermin ta bar masa ita. Iska ya ja, ya buɗe baki. Sai ya ɗaga ido, ya ga Hazem ta cikin gilashi, ya dafa kujerar Nermin yana murmushi, yana jiran abin da zai ba da labari gobe. Wagdi ya mayar da bakinsa ya rufe. Leɓen Tolen ya rufe, jirgin ya tsage biyu, kiɗa ya taso.

"An wuce," in ji Nermin ta lasifika. "In mayar?"

"Mayar da me?" in ji Hazem. "Ai ba da shi za mu yi amfani ba. Amma fa gaskiya dattijon ya zuba aiki, har na ji tsigar jikina ta tashi. Ustaz Wagdi, lafiya? Ko ka amsa tayin ne?"

Wagdi ya cire abin ji, ya goge gumi da hankici, ya ce zafi ne ya yi yawa a ɗakin. Sannan ya zaɓi ɗinki. Ya gaya wa kansa don Ramzi ya yi: gara muryarsa ko a yayyage da a kawo ɗan biki ya ci da sunansa, gara kuma a ji shi da a yanke shi ya ɓace. Gaskiya ne, amma ba ita ce gaskiyar duka ba, shi ma ya sani.

Yinin nan suka yi shi da Nermin suna tonon tsofaffin ɗauka. Shi ke tuna inda kalma take, ita ke yankowa. "Ɗan'uwana" suka samo a wani kashi na can baya, inda Barsu ke yi wa wani ɗan fashin sama daɗin baki. "Ka kula da jirgin" ta fito daga ranar da kyaftin zai je wanka. Aka jera, aka shafe gaɓoɓin, aka zuba ƙarar wuta a kai don kada a ji ɗinkin. Rabin maganar muryar Ramzi ce yana da ƙarfinsa, rabin ta mara lafiya. Wagdi ya koma ɗakin ɗauka ya faɗi sabuwar amsar: "Ba zan manta da kai ba, yayana. Allah ya bar zumunci." Ɗauka ɗaya ya yi, ta zauna a leɓe ɗas, Hazem ya tafa masa.

Da daraktan ya fita, Nermin ta ce, ba tare da ta dube shi ba, "Dokar kamfani ce, abin da tasha ta ƙi sai a goge. Yanzu zan goge. In kana so in tura maka a waya kafin nan, ba wanda zai sani."

Ya tsaya da jaka a hannu. Yana so, so irin na mai ƙishi. Amma waya ba ta da sirri, ana karɓarta a hanya a bincika, ana aronta a yi kira, ana kai ta gyara.

"Me zan yi da shi, 'yata?" ya ce.

Ta ɗan jima hannunta a kan na'urar, ko zai sake magana. Bai sake ba, ta danna.

A Shubra ranar, tun kafin ya zauna Ramzi ya tambaya. Wagdi ya ce, "An gama. Ya yi kyau." Ramzi ya kama hannun rigarsa: ka ji? Ya ce ya ji. Ka amsa? Wagdi ya dubi tabarmar ƙasa ya ce, "Na ɗauki nawa." Fuskar Ramzi ta washe irin yadda ba ta yi ba tun kafin asibiti. Ya saki rigar, ya jingina, ya ce da leɓe: kada ka faɗa min, a talabijin zan ji. Da Wagdi na da sauran zuciya da a nan ya warware masa. Sai ya ce wai metro cunkoso take yi yanzu, bari ya kama hanya.

Makonni suka shuɗe ana nuna shirin kashi-kashi, kowace Juma'a bayan azahar. Ramzi ya fara cin abinci sosai, har Madam Insaf ta ce maganin likita ne ya karɓe shi. Ya sa aka kira wanzami. Ya sa aka fito masa da tsohon kwat ɗinsa ruwan toka aka kai wanki. Wagdi kuwa sai ramewa yake, yana zuwa a makare yana tafiya da wuri. Sau da yawa a hanya yakan shirya yadda zai faɗa masa, in ya hau matakala ya ga fuskar nan sai ya fasa.

Juma'ar ƙarshe ta zo. Ramzi ya so su kalla su biyu a ɗakinsa, ya nuna da hannu, ya nuna da ido, amma ina. Madam Insaf ta ce muryar ƙaninta ta ƙarshe ba za a ji ta a ɓoye ba. Ta gayyato 'ya'yanta da matansu, da maƙwabta na sama da na ƙasa, har da mai kantin magani na bakin layi. Aka ci kaji da mahshi, kayan lambun da ake cusa wa shinkafa, aka zagaya da shayi, falon ya cika har wasu a hannun kujera suka zauna. Aka sa Ramzi a tsakiya cikin kwat ɗinsa da ya yi masa yawa, ya sha aski, yana ƙanshin turare. Ya buga wajen da ke gefensa da tafi, aka matsa wa Wagdi.

"Ga kyaftin ga makanike!" in ji mai kantin magani. "Ustaz Wagdi, yi mana mitar nan ko sau ɗaya, ta famfo."

Wagdi ya yi, aka fashe da dariya. 

Shirin ya fara. Aka yi ta ihu ana ba kyaftin shawara, matan na cewa kada ya shiga, mazan na cewa ai namiji ne. Wuta ta kama. Barsu ya ja ƙofar ƙarfe ya kulle, Tolen ya hau dukanta. Ramzi ya miƙe zaune, ya ɗora tafinsa a kan farin ƙyallen wuyansa. 

"Tolen," in ji talabijin. "Ɗan'uwana. Ka kula da jirgin. Kai ƙanina ne har abada. Ka gaida gida."

Ba wanda ya ji ɗinkin sai mutum biyu. Wagdi na kallon gefen fuskar Ramzi, ya ga lokacin da ya gane. Bai zabura ba, bai yi komai ba, hannun ne kawai ya sauko daga wuyansa a hankali ya kwanta a cinya. Sai muryar Wagdi ta fito, a tsabtace, ba gargada, tana cewa yayana, tana cewa Allah ya bar zumunci. Kuma Ramzi ɗan sana'a ne. Ya san ba wanda zai tuna inda waɗancan kalmomi suke a tsofaffin kashi sai mutum ɗaya.

Jirgin ya tsage, kiɗa ya taso, sunaye suka fara hawa. Madam Insaf na kuka da gefen mayafinta. "Kamar su, wallahi kamar su," take cewa. "Uwa ɗaya uba ɗaya ma ba su kai haka ba." Aka yi tafi, aka yi ta shafa kafaɗar Ramzi, mai kantin magani na fyace hanci yana cewa yara ne suka sa shi kallo.

Ramzi bai kula kowa ba. Ya juyo gaba ɗaya ya fuskanci Wagdi, kusa har Wagdi na jin iskar da ke fita ta ƙarƙashin ƙyallen. Babu fushi a idonsa, da ma akwai da ya fi sauƙi. Ya fara motsa leɓe, a hankali, kalma-kalma, yadda ake yi wa sabon shiga. Ban taɓa ɗaukar ka aboki ba, kuma ka sani. Sonka nake yi. Na gaji da jira. Ga shi na sake faɗa. Wagdi, saura kai.

Ya rufe baki ya jira.

Hayaniyar falon ta lafa, don kowa ya ga mara lafiya na magana. Madam Insaf ta share ido ta matso.

"Me yake cewa, Ustaz Wagdi? Jawabi ne? Ku yi shiru, jama'a, zai yi mana godiya. Faɗa mana, kai kaɗai ke gane shi."

Ba sai ya fassara musu ba. Ba abin da Ramzi ya nema ke nan ba. Da ya gyaɗa kai kawai, da ya motsa nasa leɓen ba sauti ya ce ni ma, da ba wanda zai gane a falon nan sai wanda aka yi domin shi. Wagdi ya san haka. Amma idanu sun yi masa yawa, na 'ya'yan Insaf, na matansu, na mai kantin magani, duk a kan bakinsa suke. Tsoron da yake reno tun yana saurayi ya taso ya riƙe shi, ya ji muryarsa ta fita, lafiyayya, ta ɗan wasan da bai taɓa ɓata ɗauka ba.

"Ruwa yake so."

"Ruwa! Ni da na ɗauka jawabi ne," in ji Madam Insaf. Aka yi dariya, ta aika aka kawo a kofin gilashi mai sanyi, ta miƙa masa da kanta. "Sha, ɗan uwata, duk wannan dogon bayani a kan ruwa."

Ramzi ya ci gaba da kallon Wagdi na ɗan lokaci. Sannan ya karɓi kofin da hannu biyu, ya kafa kai ya shanye tas, ko ɗigo bai rage ba. Ya miƙa wa yayarsa, ya gyaɗa mata kai alamar ya gode, ya juya ya fuskanci talabijin, inda aka fara tallar sabulun wanki.